Ranar da Wuyana Ya Yi Kauri

Jama'a, yau da hantsi aka yabe ni a bainar jama'a, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin yabo mai ciwo irin wannan ba. Bari in faro muku daga tushe.

Damina biyu ke nan wuyana ya ƙage. Ba ya juyawa hagu, ba ya juyawa dama. In za a kira ni daga baya sai in juyo gaba ɗaya kamar raƙumi da kaya. Wanzami ya kafa mini ƙaho har keyata ta koma rariya. Matata Yabawa ta dafa kanwa ta gasa ni da ita, na yi taushi ko'ina ban da wuyan. Aka ce in kai sunana biro, ofishin gwamnati, likita na tafe daga Damagaram. Na kai. Tun shekarar fara yake tafe, bawan Allah. Ga shuka ta matso, kuma mai riƙe hauya da wuya yake noma.

To, ran kasuwa ina tsaye wajen masu dabino, sai Nasaran da ke mulkinmu, Mai Girma Inuwar Talakawa, Allah ya ƙara wa dokinsa sauri, ya biyo ta haguna. Kowa ya juya ya faɗi gaisuwa. Ni ina kallon dabino. Gardi mai jar hula ya damƙe ni sai biro.

Mai fassara ya ce, "Kai, me ya hana ka gaida manya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wuyana ne ya yi kauri."

Ya ajiye alƙalami. "Me ka ce?"

"Ya yi kauri, wallahi. Shekara biyu ke nan, kullum ƙaruwa yake."

Ni kumburi nake nufi. Na manta cewa in Bahaushe ya ce wuyan mutum ya yi kauri, to ya fi ƙarfin kowa ke nan, ba ya jin magana. Mai fassara ya juya ya zuba wa Inuwar Talakawa nasaranci, na ga kunnen mutumin ya yi ja. Baki shi ke yanka wuya, in ji mutanen da, amma ban san har da wuyan da ke jiran likita ba.

Hukunci: kwana goma ina ɗaukar tubali a ka. Ina ake kai tubalin? Ginin ɗakin magani! Wai likita ba zai taso ba sai an gama ɗakin da zai zauna. Ku dubi hikima irin ta manya: mai ciwon wuya ya gina wa wuyansa asibiti da wuyansa.

Maƙwabcina Aisami ya tarar da ni a hanya da tubali huɗu a ka.

"Wushe, Barmo! Ashe ka samu sauƙi?"

"Sauƙin gidanku. Wannan magani ne na gwamnati."

"To ka yi shiru. Ni da na ce musu idona ya buɗe bayan ciwon ido, gadin rijiya suka ba ni wata guda."

Ran kwana na goma wuyan ya sauya shawara. Da a miƙe ya ƙage, yanzu ya lanƙwashe ƙasa, haɓata na kan ƙirji. Ban ga sama ba tun ran Talata. Yabawa ce ke gaya mini ko akwai hadari.

Yau Inuwar Talakawa ya zo duba gini. Ya gan ni kai a sunkuye tun daga nesa, ya tsai da doki, ya sa aka tara mutane. Mai fassara ya ɗaga murya: "Ku dubi Barmo! Jiya wuyansa ya yi kauri, yau duk Gure babu mai ladabinsa. Ya warke!"

Aka yi guɗa. Nan take aka ciro takardar masu jiran likita aka soke sunana, don kada a ɓata wa lokotoro lokaci da masu lafiya. Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa, hawayen ma a kan ƙafata suka sauka.

Mai fassara ya ce, "In akwai wanda bai yarda ba, ya girgiza kai."

Na so in girgiza, jama'a, Allah ya sani. Amma da wane wuyan?