Yadda Za Ka Riƙe Motar da Ta Fi Ƙarfinka

Ɗan'uwa, in burinka ka shigo layi kowa ya bar abin da yake yi ya bi ka da kallo, matso kusa. Wajen mijin ƙanwata na ɗauko wannan ilimi, wanda ake wa laƙabi da Guguwa. Na ba ka tabbaci, hanyar ba ta taɓa ba da kunya ba.

1. Sayar da abin da ke ciyar da kai

Guguwa shagon kayan gini gare shi. Ya sayar, ya sayo jar mota mai kujera biyu, ƙofofinta na buɗewa sama kamar fukafukai. Kai ma yi haka. In matarka ta ce, "Baban yara, to mu a ina za mu zauna?" ka ce mata wannan ba motar zama ba ce, ta kallo ce.

2. Girmama tudun kan titi

Cikin motar nan dab yake da ƙasa. In ka iso tudun rage gudu, fito, durƙusa, leƙa, sannan ka haye a karkace, masu babur na zaginka a baya. Kada ka kula su. Durƙuso na gyara gwiwa.

3. Riƙi makanike tamkar uba

Ran da ta fara tari zai zagaya ta a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan abin sai an aiko daga waje." Nemi kujera kafin ka tambayi kuɗin. Taya ɗaya na cinye kuɗin makarantar yaro guda, don haka tun yanzu ka duba wanda ya fi ƙin karatu cikin 'ya'yanka. Makaniken Guguwa har bene ya ɗora.

4. Yi tuƙi a tsaye

Mai kuwa ba sha take yi ba, wanka take da shi. Tayar da ita a ƙofar gida, taka ta yi ruri, maƙwabta su leƙo, ka kashe. Sai ka bi ta baya ka tari motar haya.

5. Nuna jarumta ranar buƙata

Wata safiya naƙuda ta kama ƙanwata. Guguwa ya ruga ya danna maɓalli. Fitilu suka kawo ja, injin ya yi shiru. Ya sake dannawa yana lallashinta. Ƙanwata na dafe da bango ta ce, "Bar ta haka. Ko ta tashi, ta ina zan shiga da wannan cikin?"

Maƙwabcinsu mai dakon bulo ne ya kai ta asibiti a tsohuwar akori-kurarsa. Guguwa na baya a tsugune, siminti har gira. In ya zo kanka, ɗaga makullin sama yadda mutane za su gane kana da mota.

Ta haifi mace lafiya. Daga asibiti gidan mahaifiyarmu ta wuce da yaran duka. Ta ce mini, "Yaya, gaya masa ran da ya sami abin da ke ɗaukar mutane, ya zo ya ɗauke mu."

6. Kada ka sayar

Dama babu mai saye. Lulluɓe ta da tamfol, ka ce hutu take.

Sanarwa: duk abin da ya sami aurenka, aljihunka ko hawan jininka, ba hannuna a ciki. Kuma kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa neman wurin kwana. Mai gidan haya ya kori Guguwa, shi ne a ɗakin baƙina.