Ratar Rabin Awa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura wa ƙanena Sani aure a wani ƙauye gaba da Dutsi. Kawu Isa, wanda ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, shi ne zai karɓi auren. Wata biyu yana maganar, har babbar riga ya ba da ɗinki.

Lokacin ban daɗe da sayen wata tsohuwar Marsandi ba, doguwa kamar layin awo (ta girme ni, amma wa ya isa ya faɗa?). Maƙwabcinmu Malam Habu, tsohon hedimasta, yana da 'yar ƙaramar motar nan da ake kira Kunkuru, kuma a cikinta Kawu ya yi niyyar tafiya. Ni kuwa na ce atafau, sai dai ya shiga tawa.

A ƙofar gida, gaban jama'a, na buɗe makaranta. Na ce tawa fistan shida ce, tasa huɗu. Tawa tana shan ruwa kamar kowace motar kirki, tasa sai iska. Injina a gaba yake, nasa an ɓoye shi a baya don kunya. Mutum biyar za su miƙe ƙafa a tawa, a tasa sai gwiwa ta taɓa haɓa. Malam Habu dai murmushi ya yi, ya ce akwai ƙoramar yashi a hanya, kuma yashi ba ya son nauyi. Bakin nan nawa da ba ya azumi ya ce su Malam Habu su wuce, na ba su ratar rabin awa, zan cim musu.

Har agogo na duba, wallahi, sannan na ɗauki Kawu muka tashi.

A kwalta Marsandi ta yi gudu son raina. Muna shiga ƙoramar sai ta zauna daram. Na taka totur, ta ƙara nutsewa. Na sake takawa, yashi ya kai ƙofa. Ba waya a wurin a lokacin, ba mota mai wucewa. Kawu ya naɗe sabuwar rigarsa ya fito yana turi, dattijo mai shekara saba'in. Sai da wani manomi ya kawo shanun huɗa biyu suka ja fistan shidan nan waje.

Mun isa mun tarar ana watsewa, kowa da goro a baki. Liman ya jira har ya gaji, Malam Habu ya karɓi auren a madadin Kawu. Ga Kunkuru can a inuwar masallaci, ko haki ba ta yi. Shekarun farkon shari'a ne, ba kiɗa ba rawa, don haka ni na zama nishaɗin biki.

Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar abin da Kawu ya yi. Ya kakkaɓe yashin rigarsa, ya dafa kan Sani ya sa masa albarka. Da za a koma na buɗe masa ƙofa, sai ya dube ni ya ce, "Bari dai in bi Malam. Gwiwa ta taɓa haɓa ba ciwo ba ne."

Kawu bai sake ganin wani aure a gidanmu ba, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar, in ana gardamar mota a majalisa aka nemi bakina, sai in ce su fara gaya mini hanyar da za a bi tukuna.