Sandar da ba ta isa hannun Osman ba

Wani ne a Salaga, sana'arsa kama zabbi a kasuwa. In zabo ya kuɓuce wa mai shi, sai a ƙwala masa kira, kafin ka ƙifta ido ya dawo da shi a hamata. Gudu kam Allah ya ba shi. Sauran abin da ake rabawa a kai ne ya zo a makare.

Bayan wasannin Afirka da aka yi a Akra, zazzaɓin gasa ya kama arewacin ƙasar. Samarin zangon Salaga da na Yendi da na Bawku suka shirya tasu gasar a Yendi. Wanda ya ci gudun miƙa sanda, wato mutum huɗu kowa ya yi nasa ya miƙa wa na gaba, shi zai tafi da ƙaton sa. Salaga kuwa ba ta taɓa cin ko akuya a irin wannan ba, har 'yan Bawku suna yi musu waƙa.

Masta Mahamudu, tsohon malamin motsa jiki, shi ke horar da 'yan Salaga. Ya ɗauki mai zabbi, ya zaunar da shi da sauran 'yan gudun a teburin mai shayi yana ba su tarihi don ya ɗaga musu zuciya.

"Mutanen Girka da suka fara Olamfik, mai suke shafawa, su yi gudu tsirara. An yi wani Bahabashe da ya cinye duniya ba takalmi. Shi kuwa dogon gudun nan, asalinsa wani sojan Girka ne aka aika da saƙon nasara. Ya yi ta gudu har gari, ya ba da saƙo, ya faɗi ya mutu."

Mai zabbi ya ajiye kofi. "Masta, a hanya ya mutu?"

"A'a, lafiya lau ya isa. Yana bayarwa ya faɗi."

"Yana bayarwa?"

"Yana bayarwa. Ka ga jarumta!"

Mutumin ya miƙe ya tafi. Ko burodinsa bai ƙarasa ba.

Ranar gasa sai ga shi a filin Yendi ba takalmi, ya shafe jiki da man kaɗe yana ƙyalli kamar soyayyen kifi. Ya kama mazugin wando zai kwance, Masta ya riƙe masa hannu.

"Kai, chale, abokina, me kake yi?"

"Girka, Masta."

"Nan Yendi ne! Ga mata can, ga limamai. Bar wandonka!"

Da ƙyar ya haƙura. Masta ya nuna masa sandar, ya nuna masa Osman, dogon saurayin da zai yi gudun ƙarshe. "Kai ne na uku. Wannan sanda saƙon Salaga ce gaba ɗaya. Ka kai wa Osman, shi ke nan aikinka."

Mutumin ya dubi sanda, ya dubi Osman.

Aka busa usur. Na farkon Salaga ya sha ƙura, na biyu ma haka. Sanda tana shiga hannun mai zabbi sai labari ya canza. Ya wuce ɗan Yendi, ya wuce ɗan Bawku. 'Yan Salaga suka miƙe da ihu, wata Zuleha mai sai da koko har ta fara tambayar wa zai ba ta aron tukunyar dafa kan san.

Osman ya miƙo hannu. "Kawo! Kawo!"

Mutumin ya rungume sanda a ƙirji, ya kauce masa, ya ƙara wuta. Osman ya bi shi. "Chale, ni ne Osman! Kawo mana!" Ya cafko kafaɗarsa, man kaɗe ya sa ya zame. Alƙalin wasa ya tare shi, ya zame. Mai gadin ƙofa ya rungume shi, ya tashi da mai a riga, ba mutum. Ya fice daga fili, ya ratsa kasuwar doya, ya kama hanyar Saboba.

A baya kuwa 'yan Bawku suka ƙarasa gudunsu ba gaggawa, suka ja sa, suka ƙara baiti a waƙarsu.

Masta Mahamudu ya hau moto, wato babur, ya goya Osman, suka bi sawu. Can wajen gari suka same shi a gindin kaɗanya yana haki, sanda na nan a ƙirji. Masta ya sauko cike da takaici, har idonsa ya kawo ruwa.

"Kai! Muna gaba! Sa yana hannunmu! Taku kaɗan ya rage ka ba Osman, me ya hana ka?"

Mutumin ya ja da baya, ya ƙara ƙanƙame sandar.

"Haba Masta. Kai da bakinka ka ce mutumin Girka lafiyarsa ƙalau yake gudu, sai da ya ba da saƙo ya faɗi. Wato so kuke ku ci naman san a sadakar ukuna?"