Dogara da Igiyar Gidan Tarihi

Wani mutum ne a garinmu, ana ce masa Dogara Sarkin Sama. Shi ya raɗa wa kansa sunan. A faɗarsa, shekara ashirin ya yi a Kudu yana hawan kwakwa yana sauko da bammi, har shaho kan kauce masa. Mu dai iyakar abin da muka ga ya hau shi ne bencin masu sayar da bammin.

Sai aka buɗe ɗan gidan tarihin bammi a bayan kasuwa. Ɗaki biyu ne, da tsofaffin goruna da tuluna, sai kwakwa guda a tsakar gida. Mama Rifkatu mai kula da wurin ta ce tana neman mai zagayawa da baƙi, da albashi har da hula. Mutum biyu suka fito: Dogara, da Baba Ishaku, tsohon mahayi wanda ba ya haɗa kalma biyar a yini.

Ranar gwaji rabin gari ya hallara. Dogara ya iso cikin sabon takalmi, ƙwas, ƙwas. Ya dubi wani gora ya taɓe baki.

"A Kudu da irin wannan muke ba kaji ruwa."

"Allah sarki," in ji Mama Rifkatu. "To ga bishiya, ɗan'uwa. A nuna mana na Kudu."

Ko 'yar goye a garinmu ta san abu biyu: ba a hawa da takalmi, kuma igiyar hawa sai ta kwana a ruwa ta yi laushi. Ga jiƙaƙƙiya nan a cikin baho. Dogara ya tsallake ta, ya je bango ya ciro ta nuni, wadda ta bushe tun kafin a haifi uwarsa.

"Ɗana, wannan igiyar..." in ji Baba Ishaku.

"Baba, huta. Zamaninku ya wuce."

Baba ya nemi inuwa ya huta.

Dogara ya zarga igiya a ƙugu. Hap, hap, yana nishi kamar injin markaɗe, har ya kai tsayin mutum uku. Ya waiwayo.

"Kuna gani?"

"Muna gani, Sarkin Sama," muka amsa.

Igiya ta ce ƙaƙas.

"Wa ke fasa gyaɗa a nan?" in ji Dogara.

Ɓas! Dogara ya rungume kwakwa kamar ya ga uwarsa. Takalmi ya ce ba da ni ba. Sai ƙurrrr, ya taho, jikin bishiya na kankare shi kamar rogo. Tim! Wando ya zama labule.

Ya miƙe yana tattare abin da ya saura na wandon.

"Saukar gaggawa ke nan. Haka ake yi a Kudu in an hango maciji."

"Ina macijin?" in ji Mama Rifkatu.

"Ya... ya tsorata."

Baba Ishaku ya tuɓe silifas, ya ɗauki jiƙaƙƙiyar igiya, ya hau ya sauko da gora cike, ko hularsa ba ta karkace ba. Aiki ya zama nasa.

Amma Dogara ma ya shiga tarihi. Mama Rifkatu ta mayar da guntayen igiyar bango, ta manna takarda a ƙasa, kuma nan Baba ke fara kai kowane baƙo:

"Shekara sittin tana ɗaukar mahaya. Minti biyu ta yi da Dogara."