Yadda Za Ka Tsere wa Tsaranka da Goro, Nes da Ataya

Me ya sa, in za a ɗauki waɗanda za su tsare gari, ake zaɓen waɗanda sunka fi kowa gudu? Na tambayi malamai, na tambayi wani tsohon soja a Isa, har yau ban samu amsa ba. Amma haka anka yi shela bara: mai son shiga rundunar tsaron gari ya hallara Sabon Birni, za a yi tsere daga fili zuwa bakin gulbi a dawo, na gaba-gaba su ke da aiki.

Amsa dai ba ni da ita, hanya ce nike da ita. Bi matakan nan, na yi maka alkawari jikinka zai yi gudun da bai taɓa yi ba. Ba da ka nike magana ba, a kan ƙanena Sammani na gwada, uwa ɗaya uba ɗaya.

1. Toshe duk wata mafita

Wanda ke da zaɓi ba ya gudu da zuciya ɗaya. Sammani manomi ne a Unguwar Lalle. Gonarshi tana can cikin daji, inda damina biyu ke nan ba mai zuwa sai wanda ya gaji da duniya. Ga ɗiya a gida, rumbu ya koma makwancin kaji.

Baba Wakili, mahaifin matarshi Habi, yana da teburin shayi a tashar Sabon Birni. Ya kira Sammani ya ce ƙafafunshi sun gaji da tsayuwa, ya zo ya riƙe teburin.

"Allah shi ƙara girma, Baba," in ji Sammani, kai a sunkuye. Sai da shi da Habi sunka kama hanyar gida ya buɗe baki.

"Ni da hannuna ya saba da garma, in koma fasa wa yaran mota ƙwai? Ba za ni ba."

"To garmar za mu dafa?" in ji Habi.

Yi koyi da shi. In sana'ar da ake yi a inuwa ta zo har gida, kore ta. Mutunci ya fi tuwo, illa dai yara ba su san haka ba.

2. Kada ka yi atisaye

Duk abin da na karanta a kan gudu cewa yake a fita kullum da safe a saba wa ƙafa. Masu rubutun ba su taɓa kwana a Gobir ba.

Sammani ya gwada sau ɗaya. Bayan asuba ya zagaya bayan gari, ya taso da gudu ya shigo ta wajen rijiya. Mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta. Ladan ya bar takalminshi ƙofar masallaci. A garinmu, in ka ga magidanci ya fito daga daji a guje, ba ka tambayarshi lafiya, ɗanka kake saɓawa ka riga shi. Kafin hantsi rabin gari ya kama hanyar Kurawa, har da wata tsohuwa da ta shekara ba ta taka ba. Sammani da ya waiwaya ya ga jama'a na gudu, shi ma ya tsorata ya ƙara wuta.

Da ƙura ta lafa mai gari ya aika a kira shi.

"Sammani, mi ya koro ka?"

"Ranka shi daɗe, motsa jiki nike yi."

"To daga yau ka riƙa motsa shi cikin ɗakinka."

Ka ga an hutar da kai ke nan. Abin da ƙafa ba ta koya ba, sai baki ya haɗiye.

3. Fara da goro, ka hau sama

Da goro ake farawa, don babu mai ganinka da shi ya zarge ka. In muƙamuƙi ya gaji, koma nes, garin kofin nan na 'yar leda, kuma kada ka lalata shi da yawan ruwa. Daga nan sai lemun gwangwani mai ƙara ƙarfi. Zaɓi wanda anka zana dabba mafi muni a jikinshi. Wani zai ja ka gefe a tasha ya nuna maka ƙwaya. Wannan kam kada ka karɓa. Mun ga masu shanta, suna tsaye wuri ɗaya suna zaton sun kusa Sakkwato.

A nan wata matsala ta dame ni. In Sammani ya ci tseren, shi ya ci ko goron? In goron ne, albashin da za shi karɓa halal ne? Na kai wa malamin unguwarmu tambayar. Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya ce, "Kai da ƙanenka ku nemi aikin yi." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai shi muke nema."

Za ka san magani ya kama in hannunka na rawa, idonka ya ƙi rufuwa, kana amsa sallamar da ba a yi ba. Iyali za su yi ƙorafi. Habi ta tare ni a zaure.

"Yaya, ƙanenka ba ya barci, ba ya cin abinci, sai kai da komo."

"Ƙarfi ne ke taruwa."

"In ya faɗi ba mu da hatsi. In ya ci, daji za su tura shi da bindigar da ba ta kai ta ɓarayin daji ba. Kai wanne kake taya shi?"

Na ce mata za ni yi nazari. Ina nan ina yi.

4. Ranar tsere, nemi ataya

Kada ka karya kumallo. Abinci nauyi ne, ga shi kuma dama babu.

Kusa da fili akwai Abbas, mutumin Nijar mai shigo da dabino ta Burkusuma, yana dafa ataya, shayin nan mai ƙarfi na 'yar buta, a gindin darbejiya. Dabarar da na tsara ita ce Sammani ya sha dahuwar fari kawai, mai ɗacin nan da ke sa kunne ƙara, ya wuce. Abin da na manta shi ne ataya dahuwa uku ce, kuma wanda ya sha ta fari ya miƙe ya ci mutuncin mai buta. Sammani ya aje ɗan kofi ya yunƙura.

"Ina zuwa?" in ji Abbas.

"Tsere, Abbas. Ga su can suna jeruwa."

"Ka sha ta fari ka tashi? Mi na yi maka? Ko akwai wata tsakanin iyayenmu da ban sani ba?"

Sammani ya koma ya zauna. Kai ma zauna. Abbas ya ƙara gawayi, ya yi fifita, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya sake tsiyayawa don kumfa, yana ba da labarin tsadar man babur. Ta biyu ta zo. Ana busa usur, dahuwa ta uku ta sauka, Sammani ya kwankwaɗe ta da zafinta, ya yi godiya da ƙonannen harshe.

5. Fita kamar an harbo ka

Za ka ga wasu sun fara a hankali, wai suna tattalin numfashi. Ƙyale matsorata. Sammani ya taso daga baya ya keta su duka, ina biye da shi a babur. Shi ya fara isa bakin gulbi, wannan ko maƙiyinshi ya shaida. Alkawarina ya cika a nan, ka rubuta ka aje.

A dawowa ne goro da nes da gwangwani da ataya sunka haɗu a cikin da babu komi, sunka yanke shawara ba tare da shi ba. In haka ta same ka, kada ka yi gardama, ka duba gonar gero mai dogon kara. Yana tsugune a ciki yana jin takun waɗanda ya wuce suna wuce shi, har da wani mai tumbi da ke tsayawa gaida mutane. Da ya fito, zuciyarshi na bugawa kamar kalangu, ya zauna daɓas a bakin hanya. A babur na kai shi fili. Mun tarar an gama kiran sunaye.

6. Kada ka nemi mai laifi

Waɗanda sunka ci, har da mai tumbin, an ba su kaki. Suna shiga daji, galibinsu suna dawowa. Ranar da Sammani ya faɗi, Habi ta toya waina ta raba wa maƙwabta, ta ce wai sadakar kakarta ce. Ko na cuce shi ko na taimake shi, wannan ma na sa shi cikin tambayoyin da nike kwana da su.

Saboda haka a sani: ni ba likita ba ne, ba kuma boka ba. Wanda ya bi matakan nan zuciyarshi ta yi tsalle, ko barci ya yi mishi yaji, ko garinsu ya watse, shi da Mahaliccinshi. Ban aike ka ba, ban san ka ba. Mai gonar gero kuma ya daina zuwa ƙofata, ya tafi tashar Sabon Birni, teburin Baba Wakili, can za shi sami mai abin.

Shekaranjiya na je can. Sammani na tsaye bayan tebur da tawul a kafaɗa. Mai tumbin nan ya zo cikin kaki, ya rame, ya zauna a benci.

"Mai shayi, nes biyu, mai kauri. Yau a daji za mu kwana."

Sammani ya zuba guda ɗaya, ya cika kofin da madara, ya tura mishi burodi.

"Sa wani abu a cikinka tukuna," ya ce, ya jawo kasko ya fasa ƙwai.