Allurar Kaka a Gidan Kare

"Lafiya lau na kwana, sai dai mijin da Allah Ya haɗa ni da shi ba ya tsinana komai," in ji Kaka, tun jikan nata bai gama zama ba.

Shi kuwa mai aski ne, ya rufe shago ya taho a guje. Allurar ciwon sugarta ta ƙare tun jiya, ya sa kantin magani su aiko da wata, ga ta irin wadda in ta sha rana ta tashi aiki. Masu kai kaya sun turo masa saƙo wai an kai, har da hoton kwalin a bayan wata ƙofa. Ƙofar kuwa ba tasu ba ce.

"Amarya, na ce musu gida mai koriyar ƙofa. Wa ya aike ki ki yi mata jan fenti?"

"Da kana zuwa gaishe da matarka ai da ka sani."

"Wa zai zo hira wurin matar da haƙoranta ke kwana a kofi?"

"Sun fi askinka kyau. Duk kan da ka taɓa, mai shi sai ya nemi hula."

Ya yi dariyar yaƙe kawai, don ya ga leɓenta a bushe, tana ta ɗirkar ruwa, kofin na rawa a hannunta. Ya kira mai babur ɗin da ya kai kayan, waya a kashe. Kaka ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙofa mai hannu ba, su daina damƙa mata kaya, su kira mai abu su ga ƙwayar idonsa tukuna.

Ta karɓi wayar ta ƙanƙance ido a kan hoton. Koriyar ƙofa ɗaya ta rage a layin, ta wani tsohon soja, wanda ya yi tafiya ya bar ƙaton karensa a sake. Mai babur ta tsakanin ƙarafan ƙofar ya cilla kwalin can ciki, a tsakiyar rana.

Tun da kare ya yage wa mai aski ƙauri yana yaro, ko haushi ya ji sai ya canja hanya.

"Zauna, ragon maza, in je in ɗauko," ta ce, ta jawo sanda. Tana miƙewa jiri ya kwashe ta, ta dafa bango.

Bai san lokacin da ya fita ba. Ya haura ƙofar yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta cin abinci. Kare ya taso masa da gurnani, shi kuwa ya suri kwalin ya ɗare ƙarfen ƙofar, ya baro wa karen takalmi ɗaya da rabin ƙafar wando.

Kaka ta zura yatsa cikin kwalin. Ƙanƙarar da aka sanya wa allurar ba ta gama narkewa ba.

Ya durƙusa zai zuƙa mata allurar, kwalbar na ta ƙwanƙwasar sirinji. Ta dube shi daga kai har ƙafar da ba takalmi, ta yi dariya idonta fal hawaye.

"Na janye, angona, kai namiji ne. Amma miƙo nan in yi da kaina, hannunka ya fi nawa rawa."