Zinariyar da Ta Tafi a Mayafin Hajiya

Ko tsufa ya kwashe min hankali, ba zan taɓa mantawa da bikin yayar Safiya ba, yarinyar da nake nema a Azare.

Lokacin ina digiri na biyu a fiziks. Aikina a kan ƙwayoyin zinariya ne, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. A lulluɓe kowace da siririn rufi, a shimfiɗa su a kan ɗan gilashi, sannan a haska a ga launin da za su bayar. Zinariya in ta ƙanƙance haka ba ta ƙyalli, ja-ja take komawa. Na ci baƙar wuya kafin gilashi ɗaya tak ya yi kyau, kuma shi malamina zai auna bayan biki.

To, ni da bakina na ce wa Safiya da zinariya nake aiki (ban ƙara bayani ba, don na ga ta gyara zama). Kafin ka ce kwabo, dangi kaf sun ji. Rawar kai ta sa na naɗe gilashin a takarda, na hau acaɓa sai gidan biki.

Na durƙusa ina gaida iyaye mata, sai gwaggon Safiya, Hajiya Laraba, dillaliyar gwal, ta ce, "Kai ne mai zinariyar? Mu gani, ɗana."

Na miƙa ina wani ƙasaita. "Hajiya, in kika ɗaga shi saitin rana..."

"Ikon Allah! Ai zoɓo ne ya zuba a kai. Bari in goge in ga gwal ɗin."

Ta tofa yawu, ta dirje shi da gefen mayafi. Tas! Gilashi ya fito fes.

"Wayyo zinariyata!" Ban san lokacin da na cafko mayafin ba. Ƙato da gemu, riƙe da mayafin suruka, ina leƙa shi ina ƙwalla. Mata suka ɗau salati, 'yan mata suka kwashe da shewa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da malamina ya tambayi ina aikin, na ce, "Malam, ya tafi a mayafin Hajiya, an wanke shi da omo, yana kan igiyar shanya." Sai da na ƙara zango guda. Safiya ta aure ni dai, amma har 'ya'yana a gidan nan 'ya'yan Mai Zoɓo ake ce musu.

Na dai koyi darasi: dukiyar da ido ba ya gani, kada ka kai ta gidan surukai.